Sakin da Ya Zo Daga Kumasi

"Sun yarda, Asibi."

Salihu ya faɗi haka tun bai gama jingine kekensa a bangon zaure ba. Asibi tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida, da fararen kayan asibiti a ƙarƙashin mayafinta. Tun safe take tsaye a kan mata masu naƙuda, ƙafafunta sun yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Ta dube shi kawai.

"Su wa?"

"Dattawan ikilisiya mana. Jiya suka zauna da Fasto Dogara. Sun ce shekara bakwai ba labari, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi ko a hanya... za a ɗauke shi a matsayin wanda ya rasu. Bayan Ista za a fara shelar aurenmu."

Ta nemi dakali ta zauna a hankali. Ta daɗe tana tsammanin ranar da za ta ji wannan magana za ta yi tsalle, ko ta fashe da kuka. Sai ga shi ba abin da take ji sai barci.

"Ba ki ce komai ba, abar ƙaunata."

"Na gode wa Ubangiji, Malam. Gajiya ce kawai."

"Ni ma na gaji," ya ce yana murmushi. "Amma ta yau mai daɗi ce."

Ya zauna a nasa dakalin, can ɗaya gefen, inda ya saba zama. Shekara uku ke nan yana tasowa duk Asabar daga shagonsa na kafinta a Sabon Gari zuwa zauren nan na Yakasai, kuma tsakaninsu akwai faɗin tabarma guda da ba wanda ya taɓa tsallakewa. Ko ruwa za ta ba shi, a ƙasa take ajiye ƙwaryar ya ɗauka. Ba rashin so ba ne, son ne ma ya jawo haka. Tun suna yara a makarantar mishan aka koya musu cewa zunubi ba a shimfiɗa yake farawa ba, daga ido yake shiga ya yi gida a zuciya. Ita kuwa har yanzu matar wani ce a gaban Allah.

Wanin nan shi ne Isiyaku, tsohon soja da ya koyo tuƙin mota a yaƙin Bama. An ɗaura musu aure a majami'a tana da shekara goma sha takwas, suka yi wata tara tare. Ran nan ya ce ya samu lodi zuwa Kudu, ya saɓa jakarsa ya fita. Daga nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Da ɗakin hayar Sabon Gari ya gagare ta, yayar mahaifiyarta ce ta je ta kwaso ta da kanta. Inna Kaltume ke nan, jikar Barebari, wadda kakanninta suka zauna a Yakasai tun ba a san Bature ba. Mahaifiyar Asibi 'yar gidan nan ce. Cutar kuturta ta kai ta asibitin mishan a bayan gari, ta warke a can, ta karɓi addininsu, ta yi aure, ta haifi Asibi, ta rasu. Dangi suka shafe sunanta, ban da Inna. Mutanen unguwa sun san 'yar da Inna ta kawo ba ta salla, sun san inda take zuwa duk Lahadi idan ta bi ta Ƙofar Mata. Amma rabin yaran layin ita ta yanke musu cibi, don haka kowa ya ga dama ya kau da kai.

Daga cikin gida aka yi gyaran murya. Salihu ya san ma'anarsa. Ya miƙe, ya ɗaga murya ya gai da Inna ta bayan asabari, ya ja kekensa kafin a kira magariba.

Asibi tana shiga ta tarar da Inna a kan kujera 'yar tsugunno tana tsinke zogale. Ba ta ko yi kamar ba ta ji ba.

"Wato aure za ki yi."

"In Ubangiji ya yarda, Inna."

"Wa ya sake ki?"

"Ba wanda ya sake ni. An ce ya mutu."

"Wa ya ga gawar?"

Asibi ta sunkuyar da kai.

"Kin gani ko? Igiyar wani tana wuyanki, ki ɗora wata a kai. Aure a kan aure, Asibi! Gobe ki haihu a ce da ɗan me? Tun shekarar farko na ce ki taso mu je gaban alƙali ya raba, kika ƙi."

"Alƙali ba shi ya ɗaura ba, Inna. Mu a wurinmu ba a kwance aure. Mutuwa ce kaɗai take raba shi."

"To Allah ya kyauta. Addinin da ba ƙofar fita, ai sai mai ƙarfin hali."

Inna ta san abin da take faɗa. Aure huɗu ta yi a rayuwarta, ta fito daga kowanne da mutuncinta da kwanukanta cif, kuma har yau biyu daga cikin mazan suna aiko mata da goron salla. A ganinta aure kamar takalmi ne, in ya matse sai a cire a huta. Amma a cire shi ɗin, a gaban shaidu, a yi idda, kowa ya sani. Wannan na su Asibi, wai a zauna a ɗaki a yanke wa mutum mutuwa, bai kwanta mata ba ko kaɗan.

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta dubi idanun yarinyar da suka faɗa, ta mayar da maganarta ciki. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Da Asibi ba a gajiye take ba, da ta tuna cewa Inna ba ta taɓa barin gardama a tsakiya sai in ta samo wata hanya.

Watanni suka shuɗe. Zafi ya sauko, irin wanda ke sa katangar gida ta yi ta huci har bayan la'asar. Asibi ta fara cika ido, ta fara dariya da 'yan uwanta ungozomomi. Matan zumunta suka yanko mata farin yadi, domin Fasto Dogara ya ce ta kiyaye kanta shekara bakwai ba wanda ya taɓa jin kanta, ta cancanci shiga majami'a da fari. Aka yi shela ta farko, aka yi ta biyu. A al'adarsu Lahadi uku a jere ake karanta sunan masu aure a gaban jama'a, a tambaya ko akwai wanda ya san abin da zai hana. In an wuce ta uku lafiya, sai biki.

Ranar Alhamis ta dawo daga aiki ta ji ƙanshin miyar kaji tun daga bakin layi. A zaure ta ga baƙin takalma, a tsakar gida kuma ga Inna ta ci ado, ta sha lalle, bakinta ja wur da goro. Kan buzu a gindin bango wani dattijo ne zaune, Alhaji Sabo mai goro na Kasuwar Kurmi, mijin Inna na biyu a da.

Asibi ta durƙusa. "Baba Alhaji, an dawo lafiya? An ce kuna Gwanja."

"Lafiya lau, 'yata. Har Kumasi na dangana."

"Zauna, zauna," in ji Inna cike da murna. "Alhaji, faɗa mata da bakinka. Asibi, yau na sauke nauyin uwarki."

Alhaji Sabo ya gyara zama irin na mai kawo albishir.

"Innarki ce ta tare ni a rumfa kafin in tafi, ta ce ko ƙarƙashin ƙasa yake in tono shi. To kin san mu fatake, ba zangon da ba mu da ɗan uwa. Na sa cigiya tun daga Ikko. Allah da ikonsa, a zangon Kumasi na same shi."

"Wa... wa kuka samu, Baba?"

"Isiyaku mana. Yana nan garau, har ya yi tumbi. Motar goro yake ja. Ya musulunta, yana da mata da 'ya'ya uku. Da na ambaci sunanki sai ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Na ce masa, kai, ka ji tsoron Allah ka saki 'yar mutane. Bai yi musu ba. A gaban limamin zango da shaidu biyu ya sake ki, saki uku. Ya ce in roƙe ki ki yafe masa."

"Kuma ya fi wata uku da furtawa," Inna ta karɓe. "Na lissafa, iddarki ta cika tun Alhaji yana hanya. Yanzu ki yi aurenki tsaf, ba mai buɗe baki ya ce miki..."

"Yana da rai."

Muryar Asibi ta fito can ƙasa. Ba tambaya take yi ba.

"Da ransa mana. Matacce yana saki ne?"

"Inna... yana da rai."

Sai a lokacin Inna ta lura da fuskarta. Murmushin ya tsaya mata a baki.

"Ke, mene ne? Ba ki ji ba ne? An ce ya sake ki."

"Sakinsa ba komai ba ne a wurinmu, Inna. Ko ya faɗa sau ɗari. Dattawa sun yarda ne don an ɗauka ya mutu. In yana numfashi a ko'ina cikin duniyar nan, ni matarsa ce. Wanda ya aure ni kuwa... zina muke yi, ni da shi, har ranar da za mu mutu."

Alhaji Sabo ya dubi Inna, Inna ta dubi tukunyar kajinta.

"Amma ai shi ya fara," ta ce da ƙyar. "A lissafinku ma shi ne mai laifi. Ga mata, ga 'ya'ya."

"Zunubinsa nasa ne. Bai kwance alkawarin da na yi da bakina ba."

Alhaji ya yi salati a hankali. "Garin neman gira an rasa ido. Kaltume, da kin gaya mini haka abin yake, da ko Zariya ban tambaya ba."

Inna ta matso ta kama hannuwan Asibi biyu. Ta rage murya, ko da yake ba kowa a gidan sai su.

"Saurara, 'yar nan. Wa ya sani? Ni, da ke, da Alhaji. Mutanenku na Sabon Gari ba shigowa birni suke ba, balle su je Kumasi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Lahadin nan a yi shelarku ta ƙarshe, a wuce wurin."

"Ni dai ban je ko'ina ba, ban ga kowa ba," in ji Alhaji. "Wallahi ko matata ba za ta ji ba."

Asibi ta zare hannunta a hankali, ta shiga ɗaki. Ranar ba wanda ya taɓa kajin.

Ranar Asabar Salihu ya zo da fara'arsa, yana ba da labarin ɗakin da ya gama shafewa da farar ƙasa. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta gaya masa komai, tana kallon tabarmar da ke tsakaninsu. Ba ta yi kuka ba. Ta yi shi ya ƙare tun shekaranjiya.

Da ya yi magana, muryarsa kamar ta wani ce.

"Wa ya aiki Inna?"

"Ƙauna ce ta aike ta, Malam. Kada ka zarge ta."

"Shekara uku, Asibi... shekara uku ina zama a kan dakalin nan kamar gunki. Ban taɓa ko bakin mayafinki ba. Na yi azumi, na yi addu'a, na hana idona abin da yake so. Ladan da na samu ke nan?"

"Ban sani ba."

"Ai a Littafi Mai Tsarki akwai inda aka ce idan marar bi ya tafi a bar shi ya tafi, wanda aka bari ba a ɗaure yake ba. Mutumin nan ya bar ki, ya bar bangaskiya, ya auri wata. Me ya rage?"

"To mu kai wa dattawa su duba."

"Kin san abin da za su ce. Kin manta Jummai? Mijinta ya kore ta da duka, ta auri wani, yau shekara nawa tana zaune a bencin baya? An hana ta Jibin Ubangiji, 'ya'yanta ma sai an yi gardama kafin a sa musu albarka."

Ta san Jummai. Kowace Lahadi takan gan ta can kusa da ƙofa, inda ake zaunar da waɗanda ke ƙarƙashin horo, kanta a sunkuye lokacin da ake zagayawa da gurasa da ƙoƙo.

Salihu ya taso. Ya tako tabarmar nan, ya durƙusa a gabanta, ya kama hannunta. Tafinsa kaushi ne da shi, na mai riƙe zarto, ga ɗumi. Ta ji abin har tafin ƙafarta, kuma ba ta janye ba. Gaskiya ba ta so ta janye.

"Masoyiyata, ki dube ni. Gobe kawai. Fasto zai yi tambaya, a yi shiru kaɗan, a wuce. Ba ƙarya za mu yi ba, shiru za mu yi. Ubangiji ya san wahalar da muka sha. Na gaji, Asibi... wallahi na gaji."

Ba ta taɓa jin ya rantse ba sai ran nan. Ta dubi furfurar da ta fara fito masa a gefen kunne, shi da bai kai arba'in ba.

"To," ta ce. "Zan yi shiru."

Da safe ta fita ta Ƙofar Mata kamar kullum. Masu rini sun riga sun hau bakin karofi, sandunansu na ta shiga suna fita. Ta ratsa Fagge tana ji kamar an ɗora mata buhun gyaɗa a ka. Hanya dai ita ce ta kullum, amma ran nan ta ƙi ƙarewa.

Majami'a ta cika, maza a dama, mata a hagu. Matan zumunta suka matsa mata wuri a gaba suna tsokanarta da amarya. Aka yi waƙa, bakinta yana motsi ba ta san me take rerawa ba. Can Fasto Dogara ya gyara tabarau ya fuskanci jama'a.

"Wannan ita ce shela ta uku tsakanin ɗan'uwanmu Salihu da 'yar'uwarmu Asibi, gwauruwar marigayi Isiyaku. In akwai wanda ya san dalilin da zai hana a gama su, ya faɗa yanzu a gaban Allah."

Marigayi. Mutum yana can da tumbinsa yana jan mota, ana kiransa marigayi a ɗakin Ubangiji, ita kuma tana zaune ta naɗe hannu. Ta hango kanta cikin farin yadin nan. Ta hango kanta tana miƙa hannu ta karɓi gurasa wata bayan wata, shekara bayan shekara, da wannan abu kwance a cikinta. Ta yi wa Salihu alkawari, ta sani. Amma gwiwoyinta ba su nemi shawararta ba, sai ta ji ta a tsaye.

Aka fara ƙus-ƙus. Ta juya ɓangaren maza don ta roƙe shi gafara da ido.

Yana tsaye shi ma. Ya riga ta tashi, hularsa a hannu, hawaye na bin gemunsa.

Suka dubi juna daga gefe zuwa gefe. Ba ta taɓa ƙaunarsa kamar wannan lokacin ba, kuma a lokacin ne ta san ta rasa shi.

"Fasto," in ji Salihu, "mijinta yana da rai."

Dattawa sun zauna har sau biyu a kan maganar. Ba mugaye ba ne, kowa ya shaida. Wani tsoho a cikinsu ya kawo zancen marar bi da ya tafi, ya yi ta jan gardama har muryarsa ta dushe. Amma sauran suka ce in aka buɗe wannan ƙofa yau, gobe duk wanda aure ya ishe shi sai ya ce abokin zamansa ya bar bangaskiya. Fasto Dogara da kansa ya gaya musu hukuncin, yana share ido da hankici. Ya yaba musu a gaban jama'a, ya ce su abin koyi ne ga matasa. Asibi ta ji yabon kamar an ba mai ƙishirwa kwano mai kyau ba ruwa a ciki.

Asabar ta zagayo, Salihu ya zo da la'asar. Ya zauna a dakalinsa na da. Ya rame, rigar ta yi masa yawa.

"Kin ji haushina?" ya tambaya.

"Kai fa, ka ji nawa?"

Suka yi 'yar dariya marar ƙarfi.

"Na yi tunani, Asibi. Zan jira. Ba abin da ya canja. Zan riƙa zuwa duk Asabar kamar da, mu gaisa, in koma. Direba ne... hanyoyin can ba su da kyau. Ba wanda ya san gobe."

Ta ɗago kai ta dube shi sosai.

"Ka ji abin da ka faɗa, Malam?"

Ya dafe kai.

"Ba laifinka ba ne. Ni ma na yi. Ranar Talata ina wanke jariri sai na ji zuciyata tana cewa, mota takan faɗi ai, sauro ma yakan kashe. Ina riƙe da ɗan mutane sabon haihuwa, ina yi wa uban wasu 'ya'ya uku fatan mutuwa. Da, muna cewa ya mutu ne don ba mu sani ba. Yanzu mun sani. In ka jira, me muke jira?"

"Asibi..."

"Duk Asabar za ka shigo ka dubi fuskata ko labari ya zo. Duk fataken da suka sauka a Kurmi sai gabana ya faɗi don murna. Mun tsare jikinmu shekara uku, Malam, sai mu zo mu zama masu kisa a zuciya? Wannan ya fi wancan muni."

"To in yi yaya? Ki gaya mini in yi yaya da raina."

"Ka yi aure." Ta mayar da idonta kan tabarmar. "Kai ba a ɗaure kake ba. Akwai 'yan mata masu hankali a ikilisiya. Ka haifi 'ya'ya, ka koya musu sassaƙa. In matarka ta tashi haihuwa ma... a'a, wannan kada ka kira ni. Ba zan iya ba."

"Ke fa?"

"Ina da Inna. Ina da aikina. Ubangiji bai manta da ni ba, ko da yake kwanan nan ban gane hanyarsa ba."

Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Hannunta yana ta son ya miƙa, ta danne shi a ƙarƙashin cinyarta.

Da ya miƙe ya tsaya a bakin zaure, bai juyo ba.

"Ba zan daina ƙaunarki ba. Wannan kam ko dattawa ba su isa ba."

"Na sani, masoyina. Ka sauka lafiya... kada ka dawo."

Ta saurari ƙarar sarƙar kekensa har ta ɓace a lungu.

A tsakar gida Inna Kaltume tana zaune a ƙasa, ba kujera ba tabarma. Tun ranar Alhamis ɗin nan ba ta ci abin kirki ba, ta tsufa a 'yan kwanaki. Macen da ba a taɓa kayar da ita a magana ba, yau ta kasa ɗaga ido.

"Na kashe miki aure, Asibi. Da hannuna. Na ce zan wanke ki, ashe..."

Asibi ta zauna kusa da ita, ta kwantar da kai a kafaɗarta kamar ƙaramar yarinya.

"Gaskiya kika nemo, Inna. Ba ke kika yi ta ba."

"Da na bar ta a inda take."

"Da kin bar ta."

Daga masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya.

"Inna, zan yi addu'a. Ki taya ni da amin."

"Irin taku?"

"Wannan kowa zai iya cewa amin."

Ta rufe ido. Kalmomin suka ƙi fitowa, sai da ta jawo su ɗaya bayan ɗaya kamar guga daga rijiya mai zurfi.

"Ya Ubangiji, na yafe wa Isiyaku. Ka kiyaye shi a hanya. Ka raya shi ya ga auren 'ya'yansa... ka ba shi tsawon rai."

Inna ta ɗago a firgice ta dube ta. Ta gane abin da ake roƙo, ta kuma gane cewa tsawon ransa shi ne tsawon zaman Asibi ba aure.

"Inna, ki ce amin. Ni kaɗai ba zan iya ba."

Tsohuwar ta rungume ta, ta fashe da kuka.

"Amin, 'yar nan," ta ce. "Amin."